Littattafan Baba na cikin kwali, ni da maigida mun saɓa a kan tsohon kabad

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni haifaffiyar Jidda ce, iyayena daga ƙasar Kano suka zo tun kafin a haife ni. Babanmu malami ne, Allah ya masa rasuwa 'yan watanni bayan rusau ɗin da ya tashe mu daga unguwar Ghulail a 2022, ya bar littattafai kwali 14 har da na rubutun hannu a cikin gafaka wanda ya taho dasu daga gida. Yayyena maza biyu ne, ɗaya na Makka ɗaya ya koma Najeriya, duk sukace basu da wajen ajiya, shine kwalayen suka dawo shigga, wato sashen gidan da muke haya a bene na uku, suna nan jibge a bayan ƙofa har yau. Watan jiya naje harajin Sawarikh, wato kasuwar gwanjon tsofaffin kaya ta nan Jidda, na ga wani tsohon kabad na littattafai mai ƙofofin gilas, katako ne mai nauyi, irin wanda Baba ke gani a gidajen malaman Makka yana cewa wata rana zai yi irinsa. Mai shi yace katakon saj ne kuma ya haura shekara 100, riyal 3,500, ga wani sunduƙin katakon saisam a gefe 1,200. Ina da kuɗina na ɗinki da adashi wajen 4,000. Maigida yace sam, wai kayan haraj daga kuɗin cizo sai gara, ga sabunta iƙama, takardar izinin zama, ta matso, ga yara uku, kuma bamu san ko zamu sake tashi ba, muje IKEA mu sayi kanta mai sauƙi a huta. Nace masa littattafan Baba sun fi ƙarfin zama a kan garin katako, yace ashe kabad ya fi min 'ya'yana. Yau kwana 9 daga gaisuwa sai gaisuwa. Yayana na Makka kuma da labari ya kai masa cewa yayi in tuna littattafan ba nawa bane ni kaɗai. Anti ya zanyi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Malam ya haskaka makwancinsa, ya sa karatun da ya koyar ya zame masa haske.

Na karanta saƙonki sau biyu, inda na tsaya shine wajen da kikace Baba na cewa wata rana zai yi irinsa. Kinga ai tun daga nan na gane abinda ke ɗawainiya da zuciyarki, burin Baba kike so ki cika masa tunda Allah bai bashi iko ba, kuma duk wadda ta taɓa rasa uba ta san yadda abu ɗaya cikin kayansa ke tsaya wa mutum a wuya, wata carbi ne, wata hula, ke littattafai ne. Ba almubazzaranci bane kuma ba rigima bace, kar ki bari kowa ya sa miki wannan a rai. Amma bari in gaya miki wata magana da nake so ki riƙe har ƙarshe, tsohon abu mai daraja da kike nema kina dashi a gidanki tun tuni, yana bayan ƙofa a cikin kwali. Littattafan nan sune tsofaffin da za a lallaɓa. Kabad kuwa aikinsa ya kare su, in ya zama tsoho mai kyau to alhamdulillah, in kuma sabo ne mai ƙwari duk ɗaya ne a wajen takarda. Ke kin haɗe abu biyu kin mai da su ɗaya, shi yasa kike jin kamar in kin rasa wancan kabad ɗin kin ci amanar Baba.

Kuma abinda ya fi tayar min da hankali a duk saƙon naki kwalayen ne, ba faɗan ba. Jidda fa muke, garin da laima ke shiga har cikin gishiri, ki bar takalmin fata a lungu wata biyu ki dawo ki tarar da fumfuna ta yi masa fari. Kwali na shan danshi ya riƙe, kyankyasai na son gam ɗin jikinsa, ga shi a ƙasa kan tayil inda ruwan mofin ke ratsawa, in kuma bangon nan na jikin banɗaki ne ko ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mai ɗiga to Allah dai ya kiyaye. Laimar ɗaki in ta wuce kashi 65 cikin 100 ta daɗe a haka fumfuna ta samu gida a jikin takarda. Na taɓa zama a gaban kwalin wani kawuna bayan rasuwarsa, daga sama littafin lafiya lau har zanen zinaren bangon na ƙyalli, ina ɗagawa sai naji shi sakayau, cikinsa duk hanyoyi ne kamar an bi da allura, ƙasa-ƙasa na zubo min a cinya. Wallahi ranar nayi kuka kamar sabuwar mutuwa. Dan haka yau ɗin nan, tun kafin a sake maganar haraj, ki shimfiɗa farin zani a falo ki buɗe kwali ɗai-ɗai, ki shinshina, ki duba ƙasan kwalin, ki karkaɗe kowane littafi a hankali da busasshen tsumma mai laushi. Wanda kika ga tabon fumfuna ko alamar ƙwaro ki ware shi daban ya sha iska a inuwa, banda rana, rana na ƙona takarda ta sa ta karyewa kamar ganye. Sauran ki ɗaga su daga ƙasa ko da a kan bencin katako ne, ki ja su baya kaɗan daga bango.

Na cikin gafaka kuma su ne 'yan lele. Irin rubutun hannun malamanmu yawanci warƙoƙi ne a sake ba ɗinki, in suka cakuɗe sai dai a bi kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba, to kar ki bari yara su taɓa, kar ki manna salatif a inda ya yage, kar a kai a yi musu leda irin ta katin shaida, kuma tawadar gida ce ruwa na taɓa ta ta tafi. A kwance ake ajiye su, ba a tsaye ba. Ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki a jere yadda kika same su, kullum ko shafi 30 ne, wannan aikin ya fi kowane kabad tsada.

To sai maigida. Maganar da ya faɗa miki ta 'ya'ya tayi nauyi, bazan ce miki daidai bace, uwa ba'a gaya mata haka. Amma ki tsaya ki zauna a kujerarsa na minti biyar. Tun Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗin iyali a hannun baƙi, daga riyal 100 a wata kan kowane mutum ya hau har 400 a 2020, in kuna cikin masu biya to ke da yara uku 1,600 kenan duk wata, 19,200 a shekara, banda haya banda makaranta banda cefane. Mutumin da wannan lissafin ke kansa kuma ya riga ya ɗanɗani tashi ba shiri a 2022, ya ga yadda aka dinga lafta kayan mutane a bayan ƙananan motocin ɗaukar kaya wasu a bar su a titi dan ba wajen kaiwa, in yaji ance za'a shigo da katako mai nauyin da sai ƙarti huɗu, abinda zai gani a idonsa shine ranar sauko dashi daga bene na uku. Tsoro ne yayi magana da bakinsa. Ke ma kuma da kikace littattafan Baba sun fi ƙarfin garin katako, abinda kunnensa yaji shine abinda yake iya saya bai kai darajar gidanku ba, kuma namiji na jin zafin wannan ko bai faɗa ba. Kuɗin ɗinkinki naki ne, shari'a ta baki, ba wanda zai ce ba haka ba. Amma ɗakin da za'a sa kabad ɗin na ku biyu ne, kuɗin cizo in ya shigo kuma ba ya tambayar wa ya biya.

Tsoronsa na ƙwari ma ba raini bane, gaskiya ce. Kuɗin cizo na iya yin watanni a cikin tsagar katako ba tare da ya sha jinin kowa ba yana jira. Sai dai ba kowane kayan haraj ke dashi ba, akwai yadda ake dubawa, kuma ina so ki koma wajen mai kabad ɗin nan da ido irin na mai saye, dan ranar farko da idon 'yar Malam kika kalle shi.

Kije da safe da haske, da tef ɗinki na ɗinki, da fitilar waya, kuma in da hali da kafinta wanda kika yarda dashi ko da zaki bashi ɗan na shayi. Kar ki tsaya a gaba, gaban kowane kabad an goge shi an shafa masa mai dan ke. Kice a juyo miki bayansa. Tsohon aiki na gaske yawanci bayansa falankai ne na katako a jere, in kika ga faifai guda shimfiɗe na wannan matsattsen garin katakon da ake kira MDF to ko dai an sauya bayan ko kuma kayan gaba ɗaya bai kai shekarun da ake faɗa ba, dan MDF sai a shekarun 1960 aka fara yinsa. Ki zaro durowa ɗaya in yana da ita ki kalli kusurwa inda katako biyu suka sarƙe kamar yatsu, aikin hannu haƙoran basa zama daidai wa daida, wani ya ɗan fi wani, na inji kuwa kamar an buga da hatimi. Ki haska kan sukurori, mai tsaga ɗaya shine na da, mai tsaga kamar alamar tarawa sai a shekarun 1930 ya fito, in duk jikin kabad ɗin irinsa ne to maganar shekara 100 ta fara rawa. Gilas ɗin ma ki kalle shi ta gefe, tsoho na da ɗan lanƙwasa-lanƙwasa wani lokacin har da ƙananan kumfa a ciki. Maganar saj kuma, saj itace ne mai nauyi mai maiƙo wanda ƙwari basu cika sonsa ba, irinsa ne ake kawowa ta teku daga Indiya da Jawa ana yin manyan tagogin katakon nan da ake kira rawashin na gidajen Balad, tsohon garin Jidda, da har yau suke tsaye, amma fenti da banish na iya mai da kowane farin katako ya koma kamarsa, dan haka ki duba ta ciki ko ƙarƙashi inda ba'a shafa komai ba, kafinta na ɗan kankarewa zai gaya miki. Bance mai kayan ƙarya yake ba, ta yiwu shima haka aka gaya masa. Kuma ko da ya tabbata shekara 50 ne ba 100 ba, in katakon lafiyayye ne ai ba aibu, kawai dai farashin ya sauko ya dace da gaskiyarsa. A haraj babu wani ba ragi, kiyi tayi ki juya ki tafi ki bar masa lambar maigida.

Sannan ƙwari. Ki ƙwanƙwasa ƙafafu da ƙasan da bayan yatsa, inda gara ta ci zakiji yana amsawa kamar ganga, wani wajen ma in kin danna da farce sai ya lotsa. Ƙananan huji kamar na bakin allura alamar ƙwaron katako ne, in hujin ya yi duhu ba gari to tsohon ciwo ne ya warke, in kuwa kika ga gari fari-fari sabo a bakinsa ko a ƙasa to ƙwaron na ciki, ki haƙura kawai. Kuɗin cizo kuma yana barin ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yarfa biro a cikin tsagogi da mahaɗar katako. Ko duk ya tsallake wannan, kar ya shiga ɗaki kai tsaye, a nemi izinin mai gida a ajiye shi a saman bene cikin inuwa ko wani fili kamar sati biyu da farin zani a ƙarƙashi ana dubawa, a kira masu feshi su yi masa magani, ya sha iska warin ya fita sannan littafi ya shiga. Maganin feshi ko kananzir kar ya taɓa takarda ko kaɗan.

Ga kuma abinda mutane ke mantawa sai an kawo kaya ƙofar gida ana cirko-cirko, awo. Ki auna faɗin matattakala da inda take karyawa, da ƙofar shigga, da tsayin ɗaki, sannan ki auna kabad ɗin, ki tambaya ko yana rabuwa sama da ƙasa. Wanda ke rabuwa biyu shine abokin ɗan haya. Ki auna littattafan ma, dan manyan mujalladan tafsiri da hadisi na son kanta mai zurfin santimita 25 zuwa 30, kuma nauyi garesu, jeren mita ɗaya na iya kai kilo 30, in allon kanta siriri ne kuma ya wuce santimita 80 ba abinda ya tokare shi a tsakiya zai lanƙwashe a hankali. Da yawan tsofaffin kabad masu gilas dan jeren tangaran da kofunan shayi aka yi su ba dan littafi ba. Kuma kwali 14 ba zasu shiga kabad ɗaya ba ƙanwata, ko da kin saye shi rabin matsalar na nan a bayan ƙofa. Da yara uku a gida kuma dole a ɗaure shi da bango ta sama, yaro in ya buɗe ƙofa ya taka kanta zai iya jawo shi kansa.

Sunduƙin saisam ɗin nan ni dai a ganina ki bar shi yanzu. Na san kyansa, da ƙusoshin tagulla jere a jiki irin na kayan amaren Hijaz na da, amma akwai sababbi da yawa da ake yi a tsufar da su da gangan, kuma rufaffen sunduƙi a garin laima ba wajen da zan ce ki kulle rubutun hannu ki manta bane.

In ni ce ke ga yadda zan yi. Zan karɓi shawarar maigida ta kanta mai sauƙi a satin nan, ko ta katako ko ma ta ƙarfe, ai manyan ɗakunan karatu akan ƙarfe suke jera littattafansu kuma ba wanda yace an wulaƙanta ilimi. Bugaggun littattafan da ake samun irinsu a kasuwa su hau can su fita daga kwali. Sai kuɗin naki ki raba, ki ware abinda zuciyarki ta yarda ki sa a sabunta iƙama ba dan an tilasta ki ba, sauran ki ajiye da sunan kabad ɗin Baba, ƙarami mai gilas wanda zai ɗauki gafakokin da littattafan da yayi rubutu a gefensu da hannunsa. In na Sawarikh ya ci jarrabawa kuma farashi ya sauko to bismilla. In bai ci ba haraj kullum kaya na shigowa, ana sawa a manhajar Haraj ma a waya, sai dai nan kar ki tura ko riyal ɗaya sai kinje kin gani da idonki, kar ayi cinikin biri a sama. Akwai kuma hanya ta uku da nafi so ma, ki ɗauki hoton wancan kabad ɗin ki kai wa kafinta ya yi miki irinsa da katakon zan ko suwaidi, gida biyu ko uku masu ɗorawa kan juna, da ƙafafu masu ɗan tsayi daga ƙasa da 'yan huji a baya dan iska, daidai awon littattafan da awon matattakalarku. Ki tuna Baba cewa yayi zai yi irinsa, to yin irinsa ɗin kenan.

Yayanki na Makka kuma, duk da maganar ta zo miki a lokacin da ranki ke ɓace, yana da gaskiya. Littattafai dukiya ce, suna cikin gado, ajiya a wajenki bata mai da su naki ba. Kar kiyi fushi, ki riga shi. Lokacin da kike buɗe kwalayen ki rubuta sunan kowane littafi a takarda, ki tura masa da na Najeriya da duk wanda ke da haƙƙi har Mama in tana raye, kice Yaya ga abinda Baba ya bari, ku faɗi yadda kuke so. Ko a raba, ko a kimanta ki biya su rabonsu, ko ku haɗu ku mai da su wakafi da sunan Baba a bar kulawa a hannunki, ayi a rubuce da shaidu gaban malami. Ko a nan Jidda ai littattafan gidan Nasif na Balad, dubbai ne, daga baya jami'ar Sarki Abdul'aziz aka kai su ɗalibai na amfana, to bugaggun da ba mai karantawa a gidanku ba laifi bane su tafi wata makaranta ko wajen almajiran Baba ladan na isar masa, kinga nauyin da ke kanki ma ya ragu. Kabad ɗin dai in da kuɗinki kika saya naki ne, ki faɗa musu wannan tun farko dan kar watarana a lissafa shi cikin gado.

Kwana 9 kuma sun isa haka. Kar ki jira shi ya fara, ba faɗuwa bace. Bayan isha in yara sun kwanta ki kai masa shayi ki zauna, kice Abban yara maganar da na faɗa ta garin katako ban kyauta ba kayi haƙuri, ba raina abinda kake mana nayi ba, kewar Baba ce ke cina. Ki gaya masa tasa maganar ma ta miki ciwo, sau ɗaya a hankali, kar ki maimaita. Sannan ki jawo kwali ɗaya ku buɗe tare, ki miƙa masa littafin da Baba ya yi rubutu a gefensa ya riƙe da hannunsa, kice kin yarda da kantar da ya faɗa a sayo ta ranar Asabar, ki roƙe shi in an fito daga can ya raka ki Sawarikh ya duba miki bayan kabad ɗin nan da kansa, in yace akwai ƙwaro kin haƙura. Ki rubuto min abinda kuka tarar a ƙasan kwalayen, musamman na jikin bango.